Faifai Mai Bokiti

Ba don abin da aka faɗa ma Rahila a wajen bikin nan na unguwar Zabi ba, da na bar zancen nan ya bi ni kabari. Wata mata ce, ko sunanta ban riƙe ba, ta dube ta sama da ƙasa ta ce ashe ita ce 'yar wanda ya taɓa samun taɓin hankali, uwarsa ta hana a yi mashi magani. Yarinya ta dawo gida ko shinkafar bikin ba ta ci ba. To ku jikokina, ku ji daga bakina. Ni ban shiga aji ba, Rahilar ce ke rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mani magana, don tun kafin a haifi malaman da suka koya mata rubutu nake ba da labari mata suna manta tuwo a kan wuta. Sai dai a cikin labaraina duka, wannan ne kaɗai har yau ban san inda gaskiyarsa ta kwanta ba. Abin da na gani zan faɗa.

Ubanku ɗan fari ne. Yadda aka rene mu, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa gaban mutane, in ana magana a kansa ba ta sa baki. "Yaron nan" nake ce mashi har ya yi gemu. Muna zaune a Samaru lokacin, kakanku Yohanna yana aiki a gonar jami'a, ni ina tuyar waina a bakin titi, ɗalibai ne masu saye. Yaron ya shiga jami'ar ya karanta zane-zane, a can kuma ya haɗu da abokan kiɗansa: Nura mai ganguna, ɗan unguwar Muchia, da wata siririyar yarinya Keziya mai waƙa, da wasu biyu masu jita irin tasa, wadda ake jona ma wuta. Faifansu na farko ni mai keke nake ce mashi, saboda hoton keke da ke jikin kwalin. Sunan da suka sa mashi na Turanci ne, bai zauna mani a baki ba. Yana da ƙara, ba kaɗan ba, amma yana da kai yana da ƙafa. In ka kasa kunne za ka ji inda waƙa ta tashi da inda ta sauka. Akwai guda a ciki da ta yi kama da waƙar sujada wadda kare ya biyo, tana gudu tana waiwaye, amma dai waƙa ce. Har yayan kakanku, Yaya Markus, dattijon ikilisiya a Sabon Gari, mutumin da ba ya dariya sai da dalili, na gan shi da idona yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin kujera.

Na biyun ne ya kawo mana shekarar da nake so in ba ku labari. Yaron ya shigo da shi wata Lahadi bayan an taso sujada, yana murna kamar an yi mashi haihuwa. Na duba kwalin sai ga hoton bokitina na ƙarfe, wanda na yi ta nema har na zargi maƙwabciyata. Ya sa faifan a rediyo, muka zauna. Da farko ruwa ne ke ɗiga, ɗis, ɗis, ɗis, har na leƙa in ga ko randa ce ta tsage. Can sai wata ƙara kamar tirela ta zubar da rodi a kan kwalta. Sai Keziya ta ƙwalla ihu, ta koma dariya, ta koma wata magana da ba Hausa ba, ba Turanci ba, wai an juya muryar ne ta baya. Kakanku ya miƙa hannu ya bubbuga rediyon.

"Kai, abin nan ya lalace."

"Lafiyarsa ƙalau, Baba. Haka waƙar take."

"To yaushe za ta fara?"

"Ai ta kusa ƙarewa."

Kakanku ya dube ni, na dubi ƙasa. Da faifan ne kaɗai, da an yi dariya an wuce. Amma a watannin nan yaron ya bar gashinsa ya cukurkuɗe, ya kama yawo da wata 'yar na'ura mai ɗaukar murya. An gan shi durƙushe a bakin kwata yana ɗaukar kukan ruwa. An gan shi a gidan niƙa ya kara kunne jikin inji. Wata mai sayar mani da shinkafa ta ce ta gan shi a layin dogo na Sabon Gari yana buga ƙarfen da dutse, yana saurare, yana murmushi shi kaɗai. Magana ta kai kunnen Yaya Markus.

Kada ku ɗauka mugu ne. Shi da kakanku suna da ƙane, Iliya, wanda ya fara da 'yan surutai shi kaɗai, aka ce a bar shi zai wuce, har ranar da ya fita da safe ba a sake ganinsa ba. Yaya Markus ne ya bi kasuwanni da tashoshi yana nemansa har takalminsa ya cinye. Saboda haka da ya zo gidanmu da faifan nan biyu a aljihun rigarsa, ba da faɗa ya zo ba. Ya sa mai keke, muka ji kaɗan. Ya cire ya sa mai bokiti. Ya ɗaga ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

"Yohanna, wannan ɗanka ne bara. Wannan ɗanka ne bana. Kana bukatar likita ya faɗa maka?"

Kakanku ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a gwiwarsa. Aka tsayar da magana: in dangi sun taru bayan Kirsimeti, za a kai yaron wani gidan addu'a a ƙauye, inda ake tsare masu irin wannan ciwon. Na san gidan. Na taɓa kai ma wata abinci a can, na ga abin da ake sa masu a ƙafa. Yaya Markus ya ce ya riga ya sayi igiya, ko da yaron zai yi gardama a hanya. Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma ba a yi mani laifi ba, uwar ɗan fari ce.

Sai na ɗauki rediyon na kai shi wajen tuya. Na ce tunda a cikin faifan aka ga ciwon, bari ni ma in nema a ciki. Ina zuba ƙullu a tanda, ina sa mai keke, in ya ƙare in sa mai bokiti, in koma. Na yi makonni a haka. Wani abin mamaki, mai keke da na saba yabo sai ya fara gundurata, kamar miyar da aka ɗumama sau da yawa, na san duk inda zai bi. Mai bokiti kuwa ban taɓa jin daɗinsa ba, ko sau ɗaya, amma ba ya barin mutum ya yi tunanin wani abu. Waina ta sha ƙonewa a kansa. Wata rana in ce wannan aikin mai hankali ne, ai sai da aka zauna aka jera shi. Kashegari in ji ihun Keziya, in ce Yaya Markus ya yi gaskiya. Ɗaliban ma ba su taimake ni ba. Wani mai tabarau ya ce na biyun nan shi ne kiɗa, na farkon wasan yara ne, nan gaba Turawa za su zo nemansa. Abokinsa ya ce ƙarya yake, na farkon ne kiɗa, na biyun gwaninta ce kawai ta 'yan zane-zane. Suka juye Turanci suna nuna juna da waina a hannu. Na ce masu ni ba wanda ya fi daɗi nake tambaya ba, mai wannan aikin lafiyarsa lau? Suka kwashe da dariya, sun ɗauka wasa nake.

Da na ga lokaci yana matsowa, sai na yi wata dabara tawa, har ina yabon kaina. Na ce mahaukaci ba ya iya maimaita abu. In ya yi surutu yanzu, ka ce ya sake, wani daban zai yi. To in yaran nan suka iya sake kaɗa mani hayaniyar nan daidai yadda take a faifai, aiki ne, ba ciwo ba, kuma ina da abin da zan kai ma kakanku. Na rufe tanda da wuri na hau bas zuwa Sabon Gari, na tambaya har Chikaji, inda suke gwaji a wani tsohon shago bayan masu walda. Da suka gan ni duk suka miƙe, aka goge mani benci. Bokitina na rataye a tsakiyar ɗaki, an huda shi.

"Mama, lafiya?" in ji yaron.

"Lafiya. Ku kaɗa mani wadda ke farawa da ɗigar ruwa."

Na riga na haddace ta, na san inda rodi ke zubewa, na san inda ake ihu. Suka fara. Ban ji rodi ba. Keziya ba ta yi ihu ba, gurnani ta yi ta yi. Na ce su sake. Suka sake, wannan karon Nura ya bar gangunan ya kama karce bokitin da cokali. Ko kama da ta farkon ba ta yi ba, balle ta faifai.

"Nura, ɗana, ita ce kuwa?"

"Ita ce, Mama."

"To me ya sa ba ta yi kama da kanta ba?"

"Ai mu ba ma yin abu sau biyu iri ɗaya. Ƙa'idarmu ke nan. Na faifan ma na ranar ne kawai."

Yana faɗa yana fara'a, bai san ya kwashe mani ƙafafu ba. Na zo neman shaida, na samo ma Yaya Markus shaida. Don rashin abin yi na ce su ƙara. A wannan karon kunnena ya gaji, sai na zuba masu ido kawai. Hayaniya ta yi hayaniya, kowa ya kama gabansa, ba mai kallon wani, wasu idonsu a rufe. Sai ɗif, suka tsaya, su biyar, a tare, ba wanda ya ɗaga hannu, ba wanda ya ƙifta ido. Na tuna muna 'yan mata muna lugude a turmi ɗaya, yadda taɓare uku ke tsayawa tare ba a ce a tsaya ba. Zuciyata ta ɗan yi sanyi. Amma kafin in miƙe na tuna na taɓa ganin masu bori a ƙauyenmu, su ma in garaya ta tsaya tare suke zubewa. Kun ga irin shekarar da na yi. Duk abin da na kama da hannun dama, sai hagu ta ƙwace.

Ya raka ni tasha. Muna tafe ya tambayi ƙafar ubansa da ke kumbura, ya ce a daina ba shi gishiri da yawa. Da bas ta zo ya riƙe mani ƙofa, ya yi ƙasa da murya.

"Na san Baba Markus ya sayi igiya. Ba sai an ɗaure ni ba. In ke kika ce in je, zan je."

Na shiga bas. Har Samaru ban san a ina nake ba, sai da kwandasta ya taɓa ni.

Aka taru a gidan Yaya Markus da rana, maza a kan tabarmi a tsakar gida, mu mata a bakin ƙofar ɗaki. Wasu samari biyu ƙarfafa suna tsaye jikin garu, mota na jira a waje. Aka yi addu'a. Yaya Markus ya sa faifan nan biyu, ɗaya bayan ɗaya, gaban kowa. Wata gwaggo ta toshe kunne tana kiran sunan Yesu. Sannan ya ce ma yaron ya faɗa ma iyayensa abin da yake nufi da wannan. Na yi ta roƙon Allah a zuci ya sa ya yi shiru. Bai yi ba. Ya gyara zama ya ce na farkon sun yi shi ne don mutane su so su, na biyun kuwa yana so ne a ji yadda tsatsa ke cin ƙarfe, don kowane abu a garin nan yana da muryarsa, mu ne ba ma saurare.

"Kun ji da kunnenku," in ji Yaya Markus. "Ƙarfe na yi mashi magana."

Samarin suka baro jikin garu. Kakanku ya rufe fuska da hula. Ni kuwa har a lokacin ban yanke komai ba, Allah na gani. Bakina ne ya riga ni.

"Habila! Tashi ka ɗauko mani takalmina, mu tafi gida."

Tunda na haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Shi kansa sai da ya waiga ya ga ko wata ce. Yaya Markus ya juyo gare ni.

"Saratu, kin tabbata lafiyarsa ƙalau?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ba ki sani ba, kike tsayawa gaban maza?"

"Ban sani ba. Na saurari abin nan fiye da kowa a nan, ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Ba za a sa ma ɗana igiya a kan ban sani ba."

"In ya bi hanyar Iliya, ke za ki neme shi."

"Ni zan neme shi."

Ya kawo takalman ya ajiye a gabana, muka fita ta gefen motar. Abin da wannan ya jawo mani, ku sani. Yaya Markus bai sake taka gidanmu ba har ya koma ga Ubangiji. Kakanku ya yi watanni ba ya ce mani komai sai "an gode" in na ajiye abinci. A zumuntar mata aka ce na zubar da kunya, na kira ɗan fari gatsau gaban surukai, aka sauke ni daga jan waƙa. Ni da nake fara waƙa mata su amsa, na koma layin baya.

Da nan labarin ya ƙare, da na ce maku na yi nasara, ku tafa mani. Amma da damina ta sauka suka fitar da na uku, mai hoton taga. Jita ɗaya ce a hankali, da muryar Keziya can ƙasa kamar mai lallashin jariri. Ba rodi, ba ihu. Aka sa shi a gidan rediyo. Matan da suka daina gaishe ni suka zo har wajen tanda suna mani barka, wai Allah ya warkar da yaron. Yaya Markus ya aiko a ce ya ji, ya gode ma Ubangiji. A daidai lokacin kuwa Habila ya dawo gida ya shiga ɗaki ya juya fuska ga bango. Ya aske gashin tas. Ba ya yawo, ba ya surutu, ba ya ci. In na kai tuwo da rana, da yamma in ɗauke shi yadda na kai. Wuyansa ya zama kamar na kaza. Na je wajen dangin nan da suka taru a kansa, na ce yaron nan ba shi da lafiya.

"Haba Saratu, ke kuma ba a iya maki. Ba ki ji waƙarsa ba?"

Ba wanda ya zo. Ni da Nura muka tallafe shi muka sa a mota, kakanku ya biyo mu da ƙafarsa mai kumburi, muka kai shi asibiti wajen likitocin da ke duba damuwar zuciya. Aka ba shi magani, aka yi ta zama da shi ana magana. Ya daɗe kafin ya dawo. Ranar da ya ce wainata ta yi tsami, na fita bayan ɗaki na yi kuka don murna.

To ga inda na tsaya har yau. Ciwon nan yana cikin mai bokiti tun farko, Yaya Markus ya hango shi ni ban gani ba? Ko kuwa zaman da aka yi a kansa, da samarin nan a jikin garu, su suka karya shi? Na tambayi likitar, wata mai haƙuri, ta ce ba za ta iya rantsewa a kan ko ɗaya ba. Na tambayi shi ubanku bayan shekaru, ya ce bai taɓa jin daɗin duniya kamar lokacin da suke yin mai bokiti ba, mai taga kuwa ko tuna yadda ya yi shi ba ya yi. Amma ai mai ciwo ma yana iya cewa haka. Wani lokaci ina kwance sai in ce da na bari an kai shi asibiti tun a lokacin, ba gidan addu'a ba, ba gida ba. Sai in tuna a ranar ba wanda ya kawo zancen asibiti, har ni.

Rahila ta ce mai taga ya fi duka, kowa ma haka yake cewa, shi ake sawa a wajen biki in amarya za ta shigo. Ban hana ku so ba. Ni dai in aka sa shi fita nake yi. In wata ta sake tare ku da zancen nan, ku ce mata kakarku ta ce lokacin da aka ce ba shi da lafiya ba ta sani ba, lokacin da ba shi da lafiyar kuwa ita ta kai shi.

Saura abu ɗaya, kuma saboda shi na yarda a rubuta wannan. Ubanku ya yi furfura yanzu, har yau yana shiga ɗakin nan nasa ya rufe ƙofa. In kun ji yana kaɗa abin da ba kai ba gindi, maƙwabta suna ƙorafi, ku ba su haƙuri ku bar shi. In kun ji jita ɗaya a hankali, mai daɗi, yau da gobe, ku aiko a kira ni. In ba na nan, ke Rahila, kada ki tsaya ƙwanƙwasawa. Ki zuba abinci ki tura ƙofar ki shiga, ki zauna, kada ki tashi sai ya ci.